Abin Da Ke Kan Gada Ya Fi Ƙarfinku

Masu turo min saƙo kuna cewa Baba ya cika tsauri, ku dakata haka nan. Ba ku san shi ba, kuma ba a gabanku aka yi ba. A gabana aka yi. Ku karanta har ƙarshe tukuna, sannan kowa ya zaɓi wanda zai zaga. In ni kuka zaɓa, ba zan yi musu da ku ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: ni ce auta a gidanmu, kuma da Auta kowa ke kirana, har abokan aikina a kantin maganin da nake tsayawa. Wanda nake so a maɗaba'a yake aiki, shi ke tsara shafi kafin a buga, kullum bakin hannun rigarsa da tabon tawada. Mu dai Mai Labari muke ce masa, saboda wasan da ya haɗa mu.

Bari in yi muku bayanin wasan, domin duk abin da ya same ni a cikinsa yake. Duk Asabar da rana muke haɗuwa a falon Yayana. Tebur ɗaya, taswira ɗaya wadda Mai Labari ya zana ya buga a wurin aikinsu, kowa da takardar jarumin da ya ƙirƙira. Yaya mai takobi ne. Matarsa, Anti, mai warkarwa ce. Abokinsa Dogo ɓarawo ne, shi ya zaɓa da kansa, kuma ba wanda ya yi mamaki. Ni ce Maharbiya. Mai Labari ba shi da jarumi, shi ne sauran duniyar gaba ɗaya: shi ne hanya, shi ne ruwan sama, shi ne tsohuwar da za ka tambaya hanya ta ɓatar da kai. In ka ce jaruminka zai yi abu mai haɗari, sai ka jefa ɗan lido, sai dai namu fuska ashirin gare shi. Abin da ya fito shi ke yanke hukunci. Abokan gaba kuwa shi yake jefa musu nasu, a bayan wani kwali da yake tsayarwa a gabansa don kada mu leƙa sirrin labarin. Kun ga ke nan duk wasan a kan amana yake tsaye. Abin da ya ce ya fito, shi ya fito.

Doka biyu gare mu waɗanda ba a taɓawa. Ɗan lidon da ya faɗo daga tebur ba a lissafa shi, sake jefawa ake yi. Jarumin da ya mutu kuma ya mutu ke nan, mai shi zai yaga takardarsa da hannunsa a gaban kowa. Dogo ya yaga takardu har ya daina jin zafi. Ni ban taɓa yagawa ba. Maharbiya tun shekarar da na nemi makarantar likita ban samu ba nake tare da ita, lokacin da nake kwana in tashi a ɗaki ba na son ganin kowa. Yaya ne ya ja ni zuwa teburin nan da ƙarfi. Mai Labari ya zana min ita a saman takardar, har da ɗan tabon da ke girata ta hagu. Ita ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba, ba ta taɓa ja da baya ba.

Ana cikin haka Gwaggo, ƙanwar Baba, ta biya gidan Yaya wata Asabar ba sanarwa. Ta tarar da mu mun sunkuya a kan tebur, Dogo yana hura wa ɗan lido iska a tafin hannu yana roƙonsa. Ko ruwa ba ta sha ba. Kafin in isa gida labari ya riga ni: yaron da ke neman Auta shugaban 'yan caca ne, har ya lalata ɗan'uwanta da matarsa. Kuma a daidai makon ne Mai Labari ya nemi izinin kawo iyayensa su ga Baba.

Mama ta sa ni gaba a kicin. "Ni dama ban gane kan yaron nan ba. Namiji da gemunsa ya zauna yana muryar tsohuwa? Ga ɗan ƙawata injiniya, mota har biyu, kullum uwarsa sai ta tambaye ni ke."

"Mama, ba mota zan aura ba."

"A'a, taswira za ki aura."

Baba ya gama shan shayinsa tukuna. Malamin motsa jiki ne mai ritaya, rabin rayuwarsa kuma a fili ya yi ta yana alƙalancin wasan ƙwallo. Har yau in muka yi gardama a gida, kowa sai ya faɗi nasa shi kaɗai, ba a katse wani. Ya ajiye kofi ya ce, "Ba na yanke hukunci a kan abin da ban gani ba. Asabar zan je in kalla da idona. In caca ce, magana ta mutu. In ba caca ba ce, ya turo iyayensa."

Wallahi sai da na shiga ɗaki na yi tsalle a kan gado. Me za mu ji tsoro? Ko tsinke ba mu taɓa sawa a wasan nan ba.

Ana sauran kwana kaɗan, saƙo ya shigo zauren da muke hira a waya. Mai Labari ne:

"Jama'a, gargaɗi. Asabar za ku iso gadar dutse. Abin da ke kan gadar ya fi ƙarfinku, ko ku huɗun kun haɗu. Ban ajiye shi a can don ku kashe shi ba. Duka ɗaya yake yi wa mutum. Akwai hanya ta cikin ruwa, akwai hanya ta lallashi, akwai komawa baya, kuma babu kunya a ko ɗaya. Duk wanda ya zare makami, ya zo da shirin yaga takarda. Na faɗa muku."

Dogo ya amsa nan take: "Ni dama gudu ne sana'ata."

Yaya ya rubuta: "An ji, ranka ya daɗe."

Anti ba ta ce komai a zaure ba, ni ta biyo da saƙon murya, tana dariya ƙasa-ƙasa, ana jin ƙarar famfo a bayanta. "Ke kam ai ba da ke yake ba, ƙanwata. Wa zai kashe amaryarsa a gaban suruki?"

Na rubuta mata, "Ba ki san shi ba. Ko uwarsa ce a teburin nan, abin da ya fito shi zai faɗa."

"To fa. In bai iya ɗaga miki ƙafa a wasan takarda ba, a ina zai ɗaga miki?"

Wasa take yi, na sani. Anti ba ta da mugun nufi, bakinta ne dai ba ya zama wuri ɗaya. Amma maganar ta shiga ta zauna. Ina ba mutane magani a kanti, tana nan. Ina goge kanta, tana nan. Da na tashi aiki, ina tsaye a bakin titi ina jiran mota, na ciro waya na tura masa:

"Har da ni a gargaɗin nan?"

"Ke ce ma ta farko. Na san halinki."

"In na shiga fa?"

"Kada ki shiga."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon ɗigon nan suna rawa. Sannan ya turo: "Auta, Baba zai kasance a zaune. Don Allah ki taimake ni."

Na tura masa hoton zuciya na kashe waya.

Ku lura da kyau, ku 'yan matan da ke kwance kuna karanta wannan da hannu ɗaya. Bai ce zai cece ni ba. Bai ce zai kashe ni ba. Taimako ya roƙa. Namiji ya buɗe baki ya ce miki ga inda nake da rauni, kada ki taɓa, ke kuma sai ki ji ai nan ne ya kamata ki danna don ki ga zurfin son da yake miki. Wannan ba soyayya ba ce. Ban san sunanta ba, amma ba soyayya ba ce.

Ranar Asabar na canza kaya ya fi sau nawa. A ƙarshe na tsaya a kan doguwar riga ruwan toka mai ƙananan maɓallai a hannu, da mayafi ruwan hoda, da takalmi marar tudu don Baba ba ya son ƙwas-ƙwas. Turare kaɗan na fesa. Takardar Maharbiya na sa a cikin leda mai haske na zura a jaka. Baba ya fito cikin farar rigarsa mai dogon hannu, an goge ta har tana iya tsayuwa da kanta, tabarau a aljihun gaba.

Anti ta wanke falo har ƙasan kujeru. Ta canza labule, ta jera biskit a faranti kamar za a ɗauki hoto. Mai Labari ya sa sabuwar riga shuɗiya, na lura ya naɗe hannun don kada a nemi tawada. Ya durƙusa ya gaida Baba. Yaya ya nuna wa Baba babbar kujera mai laushi.

"A'a," in ji Baba. "Alƙali ba ya zama inda 'yan wasa ke zama." Ya jawo kujerar cin abinci ya kai ta jikin taga, ta gefen hagun Mai Labari, ɗan baya kaɗan. Ya sa tabarau ya miƙa hannu. "Mu ga abin."

Aka ba shi ɗan lidon. Ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafi.

"Nawa ake sawa?"

"Ba a sa komai, Baba."

"Wanda ya ci me yake samu?"

"Ai ba a ci, Baba. Tare ake tafiya."

"Ba a sawa, ba a ci. To me kuke yi a nan duk Asabar?"

Dogo ya ce, "Mutuwa muke yi, Baba, bi da bi."

Na ga gefen bakin Baba ya motsa. Wanda ya san shi ya san wannan dariya ce har da riƙe ciki. Mai Labari ya yi masa bayanin kwali da dokokin nan biyu, Baba yana gyaɗa kai. "Wanda ya faɗo ƙasa a sake. Daidai ne. Doka mai kyau. Ku fara."

Da farko muryar Mai Labari rawa take yi. Amma da ya shiga labarin sai ya manta da kowa, kamar yadda ya saba. Ya bi da mu ta cikin kwazazzabo, ya yi muryar wani makiyayi kurma wanda Yaya ya yi ta yi wa ihu, har Anti ta ƙware da ruwa. Na saci kallon Baba, na ga ya matso da kujerarsa. Sannan Mai Labari ya rage murya.

"Kun iso gadar. A tsakiyarta wani ƙato ne a tsaye, tsayinsa ya kai bene, jikinsa duk baƙin ƙarfe, tsatsa tana zubo masa daga kafaɗa. Guduma ce a hannunsa, kanta ya fi wannan teburin. A gindin ƙafarsa garkuwoyi ne a zube, kowace a lanƙwashe kamar murfin gwangwani. Masu su sun fi ku ƙarfi. Bai gan ku ba tukuna. Ina sake faɗa muku, wannan ba sa'anku ba ne."

"Ni ina cikin ruwa tun ɗazu," in ji Dogo.

Yaya ya ce, "Anya ba za mu gwada yi masa magana ba?"

Sai muka ji murya daga jikin taga. "Ku bi ta ruwa mana. Mutum ya gaya muku gaskiya, me kuke jira?"

Baba ne. Baba ya shiga wasa! Yaya ya dube ni, Anti ta dube ni, Mai Labari ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi. An gama. Mun ci. Abin da ya rage kawai in ce Maharbiya ta naɗe ƙafar wando ta bi 'yan'uwanta, mu haye, a sha shayi, mako mai zuwa iyayensa su zo.

Na ce, "Maharbiya ta ɗana kibiya."

Kowa ya juyo ya dube ni.

"Auta," in ji Yaya, "ba ki da lafiya ne?"

Mai Labari ya ɗago. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. "Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"Bai gan ki ba. Har yanzu kina iya sauke bakan."

"Na ce na tabbata."

Na jefa, goma sha bakwai ya fito. A wani wurin wannan ya isa ya kayar da doki da mahayinsa. Ya ce, a hankali, "Kibiyar ta same shi a wuya. Ta karye kamar tsinke. Ya juyo." Sannan ya ƙara da cewa, "Zai sauke guduma. In ya fito sama da huɗu, ta same ki. In ta same ki, shi ke nan."

Ya ɗauki ɗan lidon ya jefa a bayan kwali. Na ji ya gangara. Na ji ya tsaya. Bai yi magana ba.

Ni kuma na kalle shi. Ba zan yi muku ƙarya ba, hawayen da suka taru a idona na gaske ne, domin a lokacin ne na gane da gaske zan yaga takardar nan. Amma ina iya sunkuyar da kai in share su. Ban sunkuyar ba. Na bar su a inda zai gan su, na ɗora hannu a kan zanen da ya yi min, na ci gaba da kallonsa.

Sai ƙas! Ɗan lidon ya bugi ƙasa ya gangara ƙarƙashin kujera.

"Ya faɗi," in ji Mai Labari. "A sake."

Dogo ya rarrafa ya ɗauko. Wannan karon Mai Labari ya kawar da kwalin gefe ya jefa a tsakiyar taswira, kowa yana gani. Biyu. Dogo ya kurma ihu, Yaya ya buga tebur har biskit ya yi tsalle. Guduma ta kuskure, ta fasa gefen gadar, Maharbiya ta faɗa ruwa da ranta, 'yan'uwanta suka jawo ta. Anti ta mintsine ni ta ƙarƙashin tebur ta raɗa min, "Ban gaya miki ba?"

Na sani. Ba sai an gaya min ba. Na ji lokacin da abin ya tsaya, kuma abin da ya tsaya ba ya tashi da kansa. Ga shi har aka tashi wasan bai ƙara haɗa ido da ni ba. To kun san me na ji? Daɗi. Wani irin daɗi mai ɗumi har cikin ƙashi. Na ce a raina, ashe na fi dokarsa. Ku rubuta wannan ku ajiye: in kika ji daɗi don mutumin kirki ya karya kansa saboda ke, ki binciki kanki, akwai abin da ya lalace.

Da za mu tafi, Baba ya tsaya a bakin ƙofa zai sa takalmi, Mai Labari ya durƙusa ya juya masa su. Ni ina bayan Baba, riƙe da makullin mota.

"Wasan naku ya yi kyau," in ji Baba. "Ba caca ba ce. Ƙanwata ta yi gaggawa, zan gaya mata. Kana da baiwa, yaro."

"Na gode, Baba."

"Tambaya ɗaya gare ni. Ɗan abin nan, faɗuwa ya yi?"

Ya ɗago daga durƙuson. Idonsa ya wuce kafaɗar Baba ya sauka a kaina. Da na girgiza kai ko kaɗan, da na ce Baba ni ce, da ma tari na yi. Murmushi na yi masa.

"Faɗuwa ya yi, Baba."

"To madalla. A gaida gida."

A hanya Baba bai kunna rediyo ba. Ni ina ta zuba, ina ba shi labarin yadda Dogo ya taɓa sace tukunyar da ta zama gidan kunama. Muka iso gida, ya shigar da mota, ya kashe, amma bai buɗe ƙofa ba. Ya cire tabarau ya ninke.

"Goma sha takwas ya fito."

Na juyo na kalle shi.

"Ya tsaya cak a jikin kwalin. Yaron ya kalle shi, ya kalle ki, sannan ƙaramin yatsansa ya ture shi. Inda na zauna ba don iska na zauna ba."

"Baba, wasa ne fa. Takarda ce kawai."

"Na sani. Shi ya sa na yafe yatsan tun a wurin. Na ga manyan mutane sun yi abin da ya fi haka don tausayi. Amma na ba shi dama ya gyara, daga ni sai shi sai ke, ba wanda zai ji kunyarsa. Ya kalli tsabar idona ya maimaita. Wanda zai yi min haka a kan abin da ba a ci ba a sawa, ranar da aka sa wani abu fa? Ki gaya masa kada ya turo kowa."

Na fashe da kuka. "Laifina ne, Baba. Ya gargaɗe mu. Ya gargaɗe ni ni kaɗai ma, har roƙona ya yi. Ni na tura shi."

"Wannan ma na sani. Ido biyu gare ni, ɗaya a kansa ɗaya a kanki." Ya buɗe ƙofa ya sa ƙafa ɗaya a waje. "Ke 'yata ce, ba ni da yadda zan yi da ke. Shi ina da zaɓi."

Mama da ta ji, sai da ta zauna. "A kan ɗan lido? Kai ma dai, Baban Auta. Ni da na ce ba na son yaron ma ban kai nan ba." Sai ta juyo gare ni. "Amma dai in kira ƙawar tawa ko?" Na shige ɗaki na turo ƙofa.

Ban iya gaya masa ba. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Ashe ba ya bukatar in gaya masa. Washegari da hantsi saƙonsa ya shigo zauren, inda kowa zai gani:

"Jama'a, ina da magana. Jiya goma sha takwas ya fito. Ɗan lidon bai faɗi ba, ni na ture shi. Guduma ta sami Maharbiya, ta mutu a kan gadar. Na yi muku ƙarya, na yi wa Baba ƙarya. Ku yafe min. Ba za a yi wasa Asabar mai zuwa ba."

Ba wanda ya amsa. Ko Dogo, wanda bai taɓa rasa abin cewa ba. Can Anti ta kira ni, na ƙi ɗauka.

Na ciro takardar daga leda. Na daɗe ina kallon tabon giran nan. Sannan na yaga ta biyu, na haɗa na sake yagawa, na zuba a kan zanin gado na ɗauki hoto na tura masa. Ya gani. Bai ce komai ba.

Na ɗauki wayar na sami Baba a tsakar gida yana ba shukokinsa ruwa. Na durƙusa na miƙa masa. Ya goge hannu a jikin tawul, ya sa tabarau, ya karanta, ya koma sama ya sake karantawa.

"Ke kika sa shi?"

"Wallahi ban ce masa komai ba. Bai ma san ka gani ba."

Ya daɗe yana kallon ruwan da ke bin ƙasa. "Rubutu a waya ba shi da wuya," in ji shi. "Amma bai san na gani ba, kika ce?" Na gyaɗa kai. Ya miƙo min wayar. "Ya zo ya faɗa min da bakin da ya faɗi ta farko. Gobe da yamma ina gida. In ya zo, za mu yi magana."

Ku da kuka ce Baba ya cika tsauri, kun ji. A iya sanina bai taɓa janye hukunci ba, ko a fili ko a gida. Ranar ya janye rabi.

Na rubuta masa komai: Baba ya gani tun jiya, ya ce kada a turo kowa, amma ya karanta saƙonka, ya ce ka zo gobe da yamma. Don Allah ka zo. Ya karanta. Shiru. Na kira, ta yi ta ƙara har ta katse. Na ce wa kaina kunya yake ji, zai zo.

Washegari na nemi izini a kanti na dawo da wuri. Na share falo, na goge teburin gilashi, na canza rigunan matasan kujera. Mama tana ta gunaguni, amma ita ta fito da kofunan baƙi masu bakin zinariya daga kabad, ita ta dafa shayin. Baba ya yi wanka ya sa riga ruwan ƙasa, ya zauna a kujerar da ke kallon ƙofa, jarida a cinyarsa ko buɗe ta bai yi ba. Ni ina tsaye a jikin labule cikin shuɗiyar rigar da ya taɓa cewa tana yi min kyau, duk babur ɗin da ya wuce sai in leƙa. Rana ta fara sauka daga kan katanga.

Wayar ta yi motsi a hannuna.

"Ki ba Baba haƙuri, ba zan zo ba. Ba tsoronsa nake ji ba, zan nemi gafararsa ko ba jima. Abin da na kasa cirewa a raina shi ne kin san abin da kike yi. Na roƙe ki, kika kalle ni kina jira, ni kuma na yi. Ban taɓa yi wa kowa ba. Ina so in zauna in gane ko zan iya rayuwa da wadda kallo ɗaya za ta yi min in koma wani mutum daban. Kada ki kira."

Na karanta har ƙasa. Haruffan suka fara narkewa, na ƙifta ido da sauri don kada su zubo.

"Shi ne?" in ji Baba.

"Shi ne."

"Me ya ce?"

Mama ta tsaya a ƙofar kicin da tire a hannu. Baba ya cire tabarau, ya zuba min idon nan nasa. Ga wayar a tafina, taku kaɗan ne tsakanina da shi, miƙa masa kawai zan yi kamar jiya.

Na kife ta a jikin rigata.

"Ya ce yana hanya, Baba."

Baba ya ci gaba da kallona na ɗan lokaci. Sannan ya gyara zama, ya mayar da fuskarsa ga ƙofa.

"To a rufe shayin," ya ce wa Mama, "kada ya huce kafin ya iso."